Gargaɗi kan mai sayar da faya-fayan DVD da ke cewa "suna yi a kowace na'ura"

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kwanaki ina shawarar ko in rubuta wannan ko in haƙura, sai da na ji mutum na uku ya faɗa hannun mutumin nan ta hanyar da ni ma na faɗa, sannan na ga shirun ba shi da amfani. Ba zan kama sunansa ba, domin sunan shafinsa ma canzawa yake yi, kuma na tabbata ba shi kaɗai ke wannan sana'ar ba. Salon damfarar nake so ku gane, yadda duk wanda ya zo muku da shi za ku san inda ya dosa tun daga maganar farko.

Mahaifina yana son finafinan namun daji, irin waɗanda ake bin dabbobi da kyamara ana bayani. Shekaru sun ja, idonsa ba ya jure kallo a waya. Yana da na'urar DVD da talabijin ɗin da ya saba da su, ya san maɓallan rimot ɗinsa ko a cikin duhu. Da na ga talla a wani shafin sada zumunta cewa ga jerin faya-fayai shida a kwali ɗaya, na asali, kuma "suna aiki a kowace na'ura, a kowace ƙasa", sai na ce to ga abin da zan faranta wa Baba rai da shi. Na tambayi mai kayan: "Malam, ka tabbata za su yi? Na'urar tsohuwa ce fa." Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka samu damuwa, na sayar da irinsu ba adadi, ba wanda ya taɓa dawo da su." Na biya.

Kaya sun iso, kwali tsaf, faya-fayan ko ƙarzane ɗaya babu. Muka saka na farko. Na'urar ta juya shi kaɗan, sai rubutu ya fito da Turanci cewa wannan faifan ba na yankin wannan na'urar ba ne. Babu hoto, babu sauti. Muka gwada duka shidan, magana ɗaya ce.

Na kira shi, ya ɗauka nan take, kuma wannan ɗaukar ce ta ƙara kwantar min da hankali, don a tunanina macuci gudu yake yi. Ya ce, "Alhaji, ai matsalar daga talabijin ɗinku ce. Faya-fayan NTSC ne, talabijin ɗinku kuma PAL. Akwai wani ɗan akwati da ake haɗawa tsakanin na'ura da talabijin, shi zai juya hoton. Ina da shi, zan rage maka kuɗin saboda wahalar da aka sha." Ku lura da kyau, domin a nan ƙarfin damfarar yake: kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Faya-fayan NTSC ne, talabijin ɗin Baba PAL ne (waɗannan sunayen tsarin hoton talabijin ne guda biyu, zan yi bayaninsu a gaba), kuma akwai irin wannan akwatin a duniya, yana ma aiki a inda ya dace. Abu ɗaya ya ɓoye, cewa matsalar da muke ciki ba ta da alaƙa da wannan ko kaɗan. Na sake biya, akwatin ya iso, na haɗa wayoyi yadda ya kwatanta. Rubutun nan dai ya sake fitowa, ko harafi bai canza ba.

A kira na uku sai ya ce na'urar ce a kulle, amma yana da "lambar sirri" da ake dannawa a rimot ta buɗe, sai dai in fara tura kuɗi. A nan na ja birki. Na kwashi na'ura da faya-fayai da akwatin na kai wa wani dattijo mai gyaran talabijin. Bai ko kunna komai ba. Ya juya bayan kwalin, ya sa farce ya ɓamɓare wata 'yar takarda da aka manna a kusurwar ƙasa, sai ga ɗan hoton duniya da lamba 1 a tsakiyarsa. Ya juya bayan na'urar Baba, ga irin wannan hoton da lamba 5. Ya ce, "Ɗana, wanda ya sayar maka da wannan ya san abin da yake yi. Ba a manna takarda daidai nan bisa kuskure."

Abin da ya koya min ranar, da wanda na bi na ƙara fahimta daga baya, shi ne abin da nake so in bar muku. Abubuwa biyu ne daban ke hana faifai yin aiki, kuma ɗan damfarar nan yana cin abinci ne da cakuɗa su.

Na farko shi ne tsarin hoto, wanda ya samo asali tun zamanin talabijin ta da. Amurka ta kafa nata tsarin, NTSC, a 1941, ta ƙara masa launi a 1953. Yana da layuka 525, kuma yana nuna hotuna kusan 30 a daƙiƙa ɗaya, takamaimai 29.97. Kanada da Meziko da Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Filifins duk suka bi shi. A Jamus kuwa wani injiniya mai suna Walter Bruch, ma'aikacin kamfanin Telefunken, ya fito da PAL, aka fara watsa shirye-shirye masu launi da shi a Ingila da Jamus ta Yamma a 1967. Shi layukansa 625 ne, hotuna 25 a daƙiƙa. Yawancin Turai da Ostireliya da Indiya da Sin da ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, da shi suka tafi. Faransa ta yi nata daban, SECAM, wanda Tarayyar Sobiyet da ƙasashen Afirka renon Faransa irin su Nijar suka ɗauka. Bambancin 30 da 25 ɗin nan daga wutar lantarki ya fito: wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50, kuma talabijin na farko da bugun wutar suke daidaita hotonsu.

Da aka zo zamanin DVD, wanda ya fara fita a Japan a ƙarshen 1996, sai aka gaji wannan rabuwar. Faifan da aka rubuta wa NTSC hotonsa ɗigo 720 ne a faɗi da 480 a tsaye, na PAL kuwa 720 da 576. Babu faifan DVD na SECAM. Ƙasashen da suke kan SECAM faifan PAL suke amfani da shi, don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da "faifan SECAM na musamman" ko akwatin gyara shi, ka san ƙarya yake yi.

Idan tsarin hoto ne matsalar, alamarta a bayyane take. Faifan zai kama, sauti zai fito, fim zai ci gaba da tafiya. Hoton ne zai lalace: ko ya zama baƙi da fari, ko ya riƙa birgima daga sama zuwa ƙasa, ko kuma a sababbin talabijin fuskar ta yi duhu ta ce ba ta gane saƙon da ke shigowa ba. Dalilin baƙi da farin shi ne kowane tsari yana ɗora launi a kan zangonsa na daban, don haka tsohuwar talabijin tana iya kama haske da inuwa ta kasa kama launin. To, ko a nan ma sau da yawa ba ka buƙatar sayen komai. Shiga wurin saitin na'urar DVD ɗinka, za ka ga inda aka rubuta PAL da NTSC da AUTO. Na'urori da yawa da ake sayarwa a ƙasashen PAL suna karanta faifan NTSC, wasu ma da kansu suke juya hoton idan ka zaɓi PAL. Yawancin talabijin na zamani da ake sayarwa a waɗannan ƙasashe suna karɓar duka biyun. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu kayan Amurka, domin talabijin da na'urorin can da dama ba sa karɓar hoton PAL.

Na biyu shi ne lambar yanki, kuma wannan kulle ne da aka yi da gangan. Kamfanonin finafinai ne suka nemi a raba duniya kashi-kashi don su riƙa fitar da fim a lokuta daban, da farashi daban, ta hannun dillalai daban. Yanki na 1 shi ne Amurka da Kanada. Na 2 ya haɗa Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu. Na 3 kudu maso gabashin Asiya ne da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong, na 4 kuwa Latin Amurka da Ostireliya da New Zealand. Sauran Afirka da Rasha da Indiya da maƙwabtanta suna na 5, Sin tana na 6. Akwai ma na 8 da aka ware wa jiragen sama da na ruwa. Faifan da ba a kulle ba za ka ga an rubuta masa ALL ko 0.

Yadda kullen yake aiki shi ne ya fallasa ƙaryar akwatin. Da zarar ka saka faifai, na'urar tana duba lambar da ke cikinsa ta gwada da tata. Idan ba su dace ba, sai ta ƙi karantawa. Ba ta aika wani hoton fim zuwa talabijin, sai dai saƙon ƙin karɓa. Akwatin da aka sayar min kuwa a bayan na'urar ake haɗa shi, aikinsa ya karɓi hoton da ya fito ya canza masa tsari. Me zai canza alhali fim ɗin bai fito ba? Saƙon ƙin karɓar kawai yake miƙa wa talabijin. Babu akwati, babu waya, babu sabuwar talabijin da za ta buɗe lambar yanki. Mutumin nan ya san haka tun kafin ya karɓi kuɗina na biyu, kuma wannan ne ya fi ci min rai, fiye da kuɗin.

Don ku ga cewa abubuwan biyu ba sa tafiya tare, ku dubi Japan da Ingila. Dukkansu yanki na 2 ne, amma faifan Japan NTSC ne, na Ingila PAL. Haka Meziko da Ostireliya, dukkansu yanki na 4, ɗaya NTSC ɗaya PAL. Saboda haka idan ka tambayi mai kaya "wane yanki ne?" ya amsa maka da "PAL ne", bai amsa tambayarka ba. Idan ya ce "ba shi da kulle", to da sauran tambaya ta biyu, wato wane tsarin hoto ne. Mai gaskiya zai ba ka amsa biyu. Wanda ya riƙa musanya ɗaya da ɗaya, ko bai san kayansa ba ko yana son ka ruɗe, kuma a duka biyun kuɗinka ne zai tafi.

Maganar "lambar sirri" ita ma tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take kama mutane. Akwai wasu na'urori da ake iya cire musu kulle ta hanyar danna wasu maɓallai a rimot. Amma kowace irin na'ura da tata hanyar, wasu kuma ba su da ita sam, kuma inda take akwai, a fili take a intanet kyauta. Shi mutumin nan ko sunan na'urar Baba bai tambaye ni ba, amma ya ce yana da lambarta. Bayan haka, wasu faya-fayan yanki na 1 suna da ƙarin kariya da ake kira RCE, wadda aka yi don ta gane na'urar da aka buɗe ta ƙi yi a kanta. Wato ko da buɗewar ta yiwu, ba alƙawari ba ne a kan kowane faifai.

Wata baiwar Allah da ta tuntuɓe ni bayan na yi ƙorafi a ƙarƙashin tallarsa ta ce ita shawarar da ya ba ta ita ce ta saka faifan a kwamfuta ta canza yankin. Wannan yana yi, kuma kwamfuta ba ta damu da PAL ko NTSC ba. Abin da bai gaya mata ba shi ne ma'aunin canjin a ƙirge yake. Yawancin na'urorin karanta DVD na kwamfuta sau biyar kawai suke yarda a saita musu yanki, daga nan su maƙale a kan na ƙarshe. Ta yi ta kai da komo tsakanin faya-fayansa da nata na da, yanzu kwamfutar ta tsaya a yanki na 1, tsofaffin faya-fayanta masu kulle sun daina yi. Sake ɗora wa kwamfutar manhaja ba ya warware wannan, domin ƙirgen a jikin na'urar karatun yake.

Na ukun kuwa, wani bawan Allah, shi na'ura aka sayar masa, wai ta Blu-ray ce, wato nau'in faifan da ya biyo bayan DVD, kuma mai karanta kowane faifai. Ya gwada DVD na yankuna biyu suka yi, ya yi murna. Da ya saka Blu-ray sai ta ƙi. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, yana da nasa rabon daban, da haruffa: A ga nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ga Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C ga Rasha da Sin da Indiya da tsakiyar Asiya. Kulle biyu ne a jikin na'ura ɗaya, buɗe na DVD ba ya buɗe na Blu-ray. Ku lura kuma Japan da Amurka da suka rabu a DVD sun haɗu a nan, Afirka da Turai ma haka. Faya-fayan Blu-ray da yawa ba a kulle su ba, kuma sabon nau'in nan na 4K da ya zo a 2016 ba shi da rabon yanki a ƙa'idarsa, to amma wannan ba dalili ba ne na ɗaukar maganar mai talla ba tare da gani ba. Duk mai sayen na'urar da aka yi don wata ƙasa kuma ya duba rubutun wuta a bayanta. Ƙarfin wutar Amurka volt 120 ne, na Japan 100, yawancin sauran duniya 220 zuwa 240. Idan an rubuta 100 ko 120 kaɗai take karɓa, jona ta kai tsaye a babbar wuta ƙone ta zai yi.

Akwai kuma wani ɓangaren kayansa da ya kamata in ambata, domin a tallar tasa yana haɗa na asali da jabu. Jabun su ne suke "yi a ko'ina" da gaske, saboda mai kwafa yana cire kullen yayin kwafar, kuma ina kyautata zaton da su yake samun masu yaba masa. Gane wasunsu ba wuya. Faifan asali a masana'anta ake buga shi, cikinsa launin azurfa ne ko ya ɗan yi ruwan zinare. Wanda aka kwafa a kwamfuta cikinsa yakan yi shuɗi-shuɗi ko shunayya mai duhu. Faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu 8.5, don haka idan aka matse abin da ya cika babban a cikin ƙaramin, ko aka cusa finafinai takwas a faifai guda, hoton zai riƙa farfashewa, musamman a wurin duhu ko gudu.

Wani abu kuma da ba damfara ba ne, don kada a zargi mai gaskiya: idan ka ga fim ɗaya tsawonsa ya bambanta tsakanin faifan Turai da na Amurka, ba lallai an yanke wani abu ba. Fim ɗin silima hotuna 24 ne a daƙiƙa, idan za a mai da shi PAL sai a ɗan ƙara masa gudu zuwa 25. Fim mai minti 100 sai ya koma 96, muryoyi ma su ɗan ƙara kaifi in ba a gyara ba.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, fara da juya bayan na'urarka ka ga lambar da ke cikin ɗan hoton duniyar, ko harafin Blu-ray. Sannan ka ce wa mai kaya ya ɗauko maka hoton bayan kwalin, na ainihin wanda zai aiko maka, yadda kusurwoyin ƙasa za su fito sarai, domin a nan ake buga lambar yanki da kalmar PAL ko NTSC. Ka ce ya ɗauki cikin faifan ma. Idan na'ura ce yake sayarwa, ya nuna maka bidiyo tana karanta faya-fayan yankuna biyu, kana ganin bayan kwalayensu. Ka kuma sa ya rubuta maka a saƙo cewa idan bai yi ba zai mayar da kuɗi, kada ku tsaya a maganar baki ta waya. Ni duk alƙawuran da ya yi min a kira ya yi su, shi ya sa da na kai ƙara wurin masu shafin ba ni da abin nunawa sai shaidar biyan kuɗi.

Da na aika masa hoton lambar 1 da ke ƙarƙashin takardar da ya manna, bai ce komai ba, ya toshe ni. Bayan kwana tara tallar ta dawo da wani suna daban, amma hotunan ba su canza ba. Idan kun ci karo da ita za ku gane ta: hotunan gaban kwali guda huɗu ne masu kyau, na bayan kwali ɗaya ne tak, kuma a cikinsa akwai farar takarda mai rubutun "na asali" manne a kusurwar ƙasa ta hagu. A ƙasan tallar, cikin ƙananan haruffa, ya rubuta cewa akwai akwatin gyaran hoto ga mai buƙata.